Inna, Ashe Kina Kallona

Zuwa ga mahaifiyata, Inna, a makwancinta na gabas da Kende.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan sallama irin wadda ake yi wa mutanen kabari, da gaisuwar ban girma irin wadda ɗa ke yi wa uwa yana durƙushe, ina sanar da ke cewa wannan takarda da hannuna na rubuta ta. Ban yi wa kowa shifta ba, kuma babu wanda ya riƙe mini biro. Na kammala ajin yaƙi da jahilci da ake yi a Bagudo bayan la'asar, har malaminmu ya faɗa a gaban kowa cewa a cikin dattawan ajin babu wanda layinsa ya kai nawa miƙewa. Na kawo wannan ne domin ki san matsayin mai yi miki magana. Shekaru masu yawa ina mataimakin shugaban masu albasa a kasuwarmu, ina dangwala babban yatsa a kan takardun da ban san abin da ke cikinsu ba. Yanzu biro nake zarowa daga aljihu, a hankali, yadda na nesa ma zai gani.

Kulu, autarki, ta nemi izinin ɗora wannan wasiƙa a shafinta na waya, na kuwa ba ta. Saboda haka akwai masu leƙe ta bayana. Ki yi haƙuri da su, kuma ki yi haƙuri idan na faɗi abin da kika riga kika sani, domin su ba su sani ba.

Ni ne ɗanki na fari. Bisa al'adar da kika tashi a cikinta, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta kallonsa ido da ido, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Ke kuwa kin riƙe wannan kunya fiye da duk matan Kende. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinki ba. Idan abinci ya sauka, sai ki ce, "Kulu, gaya ma wancan tuwonai na hucewa," alhali ina zaune taku uku daga gare ki. Ranar da Kulu ba ta nan, da kunnena na ji kin ce wa akuya, "Ke, in kin ga mai jakin nan, ki ce mai ya bar kwandonai cikin ruwa." Akuyar ta dube ni, ni ma na dube ta, na tashi na ɗauke kwandon.

Ni kuma duk safiya idan na zo gaishe ki, kaina a ƙasa yake. Na san ƙafafunki sarai, da lallen da ke bakin farcenki, da tabon da ke yatsanki na tsakiya inda tukunyar gumin shinkafa ta ƙona ki. Na san gefen zaninki na rini. Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin rashi ba, sai daga baya, kamar yadda zan bayyana a inda ya dace.

Yanzu zan kawo miki labarin Kulu bi da bi, domin rabinsa kika gani.

Kin tuna bangon rumbunmu. Tun tana ƙarama take cika shi da zanen gawayi, riguna masu faɗin hannu da ɗaurin kallabi iri-iri, Baba yana sa a shafe, ita tana sakewa. Ke ce kika ce a kai ta Kandi wurin Gwaggo ta koyi ɗinki, da hujjar cewa yarinyar da ba ta bar bango ya huta ba gara a ba ta yadi. Ranar da aka yaye ta daga koyo, ni na ƙetara iyaka na wakilci gidanmu. Na yi jawabi da Hausa, aka juya da Dendi, aka tafa mini sau biyu.

Ta dawo ta buɗe shago kusa da tashar Bagudo, da keke ɗaya da almakashi da wani littafi mai jan bango. Idan mace ta kawo atamfa, Kulu ba ta yankawa sai ta zana rigar a littafin, mai kaya ta gani ta yarda. Da farko rigar kawai take zanawa. Daga baya ta fara sa wuya, ta sa hannu, ta sa kai, har ta kai ga fuska. Wata amarya daga Lafagu ta zo karɓar ɗinkinta, ta ga kanta a takarda har da wushiryarta, sai ta yage shafin ta soke a zani, ta kusa mantawa da rigar a kan benci. Daga ranar mata suka fara zuwa da yadi ƙyalle ɗaya, wanda ko hular jariri ba zai yi ba, don dai a zana su.

Na yi mata faɗa a kan ɓata lokaci. Amsar da ta ba ni har yau tana kunnena: "Yaya, riga ba ta kyau sai da mutum a ciki. To ni mutumin ne ya fara ɗauke mini hankali."

Da aure ya kai ta Kwatano kina da rai. Abin da ya biyo baya ne ba ki gani ba. A can ta haɗu da wata dattijuwa mai zanen hotuna da fentin mai, suka yi yarjejeniya: Kulu ta riƙa ɗinka mata sutura, ita kuma ta koya mata aikin buroshi. Ana ɗaure farin ƙyalle mai kauri a jikin katako har ya yi tauri kamar fatar ganga, sannan a riƙa shafa launi a kan launi, a bari ya sha iska kwanaki, a dawo a ƙara. Kulu ta ce abin da ya ja ta shi ne, almakashi idan ya yanka ya yanka ke nan, sai dai a ba mai kaya haƙuri, amma fenti yana barin mutum ya dawo gobe ya gyara. Ta zana mata masu kifi, da 'yan dako, da wani tsoho yana barci a kan buhunan gari. Masu zuwa kallo suka ce ba su ga mai fitar da naɗin zani da lanƙwasar yadi kamarta ba. Wannan bai ba ni mamaki ba, shekarunta nawa tana gogar yadi da hannu.

Rannan sai labari ya iso mini cewa ta lulluɓe keken ɗinki ta tura shi lungu. Inna, raina ya ɓaci ƙwarai. A matsayina na babba a gida bayan Baba da ke, na aika mata da saƙon murya mai tsawo, na ce ta bar sana'ar da kowa ya san amfaninta ta kama aikin banza. Ban tsaya nan ba, na je wurin malamai biyu. Na farko ya ce barin zanen mai rai shi ne ya fi. Na biyu ya ce abin da aka fi tsanantawa shi ne wanda aka sassaƙa mai inuwa, na jikin ƙyalle kuwa malamai sun yi saɓani, amma kada a kafa shi a gaban mai salla. Na aika mata da maganar na farko, na riƙe ta na biyu a cikina. Wannan kuskurena ne, kuma na rubuta shi a nan domin mutumin da ya iya rubutu bai kamata ya ɓoye gaskiya ba.

To ga inda abin ya juyo kaina.

Wata rana a aji malam ya ce kowa ya rubuta layi uku yana siffanta fuskar mahaifiyarsa. Na gyara zama, domin a irin wannan ni nake fara miƙa takarda. Na rubuta cewa ƙafafunki ƙanana ne. Na rubuta tabon yatsanki. Malam ya leƙo ya ce fuska ya ce, ba ƙafa ba. Na rufe ido na neme ki. Zaninki ya zo, muryarki ta zo tana aiken akuya, amma daga wuya zuwa sama babu komai. Abokan karatuna suna ta rubuta dogon hanci da tsagar gado, ni kuwa biro ya tsaya. Ranar ce kaɗai na miƙa takarda ba a cike ba.

Kin san ba ki taɓa yarda mai hoto ya tsaya a gabanki ba, sai sau ɗaya da ya zama dole. Hotonki ɗaya tak a duniya shi ne na jikin katin zaɓe, shi ma yana cikin akwatin da ruwa ya ci shekarar da kogi ya shigo mana gida. Na dawo daga aji ban ci abinci ba. Balki, matata, ta tambaye ni ko albasa ce ta faɗi a kasuwa, na ce a'a. Abin da ke damuna ya fi ƙarfin in faɗa mata. Ina tunanin cewa na haura hamsin, ban san fuskar wadda ta haife ni ba. Sannan wani tunani mafi nauyi ya biyo baya: idan ni ban san taki ba, ke kin san tawa? Ko kin tafi ne ba ki taɓa duban abin da kika haifa ba, ba ki ga ya zama mutum ba?

Saƙon farko da na taɓa rubutawa a waya da yatsana, Kulu na rubuta wa. Ya ɗauke ni daga azahar zuwa la'asar. Na ce mata idan tana da sarari, kuma idan bai zame mata wahala ba, ina umartarta da ta zana mini Inna. Ta maido da murya tana dariya har tana tari: "Yaya, aikin banzan kake so, ko wani daban?" Da ta gama dariyar sai ta ce in aiko mata da zaninki na rini da farar rigarki ta ƙarshe, waɗanda ke ajiye a ɗakina. Na tambayi dalili. Ta ce ita tela ce kafin komai, kuma jikinki a hannunta yake. Kafaɗarki ta dama ta fi ta hagu sauka da yatsa biyu saboda tallabar ƙwarya, duk rigar da ta ɗinka miki sai ta rage wannan hannun. Tana so ta shimfiɗa rigar a gabanta, hannunta ya tuna.

Na ba direba kayan, na jira. Damina ta wuce, aka yanke shinkafa, aka dasa albasa. Duk lokacin da na tambaya sai ta ce fenti bai bushe ba. Na fara zargin ramuwa take yi.

Ita da kanta ta kawo hoton. Tun daga Kwatano har Kandi, daga Kandi zuwa Segbana, ta ƙetaro ta Tsamiya, yana kan cinyarta a naɗe da bargo, ta hana a ɗora shi a saman mota. Ta iso Kende da hantsi. Kafin ta sha ruwa tsakar gida ta cika da mata, domin Balki ta riga ta baza labari har Matsinkai.

Aka jingina shi da bangon rumbu, wanda ta fara ɓatawa da gawayi. Ta janye bargon. Aka ɗauki salati gaba ɗaya. Tsohuwa Ige, ƙawarki, ta matso da sandarta ta gaishe ki da Dendi, ta tsaya jiran amsa, da ba ta samu ba ta ce ai dama haka kike, sai an gaishe ki sau biyu. Balki tana dariya tana share hawaye da bakin mayafi.

Ni kuwa, Inna, ban san lokacin da na durƙusa ba. Idona ya tafi inda ya saba. Ga ƙafafunki, ga lallen, ga gefen zanin rini da ɗan farin zaren da ya zare a ƙasa. Na tsaya a nan ban iya wucewa ba, sai da Kulu ta dafa ni ta ce, "Yaya, ɗaga kai mana. Wagga ba ta jin kunyarka."

Na ɗaga.

Kina zaune a kan kujerarki ta tsugunno a bakin zaure ta ciki, faifai a cinya da shinkafa a kai. Ashe hancina naki ne. Ashe akwai ɗan tabo a girarki ta hagu, kuma ashe idanunki manya ne haka. Na daɗe ina kallo, babu wanda ya hana ni, babu inda kika juya.

Da na natsu, sai na ga ya wajaba in yi gyara, tunda ni na ba da aikin. Na miƙe na ce hoto ya yi kyau, amma akwai kurakurai biyu. Na ɗaya, hannayenki a tsaye suke a kan faifai, alhali kowa ya san ba kya dakatar da bakace ko da gobara ake yi. Na biyu, an sa miki murmushi kina kallon waje, ni kuwa ban taɓa ganin kin yi wa ƙofa murmushi ba.

Matan nan suka kwashe da dariya, har da waɗanda ya kamata su ji nauyina. Balki ta ce, "Malam, ina za ka gani, kai da ido ba a ƙeya yake ba?" Kulu ta nuna mini can gefen hoton, ta cikin ƙofar zaure, inda hasken safiya ya faɗo. Akwai wani mutum ɗan ƙarami yana tafiya, baya kawai ake gani, da shuɗiyar riga, hula ta karkata dama, yana jan jaki da buhunan albasa. Na san rigar. Ita ce ta farko da Kulu ta ɗinka mini bayan dawowarta daga Kandi.

Suka ce haka kike yi duk ranar kasuwa. Ina durƙushe kina bakace kamar ba ki san da mutum a wurin ba. Da na juya baya sai faifai ya tsaya, ki bi ni da ido har in sha kwanar masallaci, sannan ki ci gaba. Tsohuwa Ige ta ce tun ina tafiya da ƙafa kike yi, har na sayi jaki, har na sayi babur. Ta ce ranar da aka naɗa ni mataimakin shugaba, kin aika a kira ta don kawai ta zauna kusa da ke ku ga fitata da babbar riga, kuma da na wuce kin ce mata, "Dubi tahiyar wancan, sai ka ce shi ya gina kasuwar." Ta ce kin yi ta dariya har shinkafa ta zube, kaji suka samu rabo.

Akwai sauran abu ɗaya. Shekara da shekaru ina faɗa wa abokaina a kasuwa cewa ni ba a taɓa sa mini tef ɗin awo ba, amma duk rigar sallar da Kulu ta ɗinka sai ta zauna daidai, kuma ina danganta wannan da kyawun ƙirar da Allah ya yi mini. Ranar nan Kulu ta warware mini. Ke ce mai awon. Duk azumi sai ki kira ta ki ce, "Ƙara mai yatsa ukku a kahwaɗa, ya yi jiki bana," ko kuwa, "Rage, damanar ga ta ci shi." Da ido kike auna bayana, kuma ba ki taɓa kuskure ba. Launin yadin ma ke kike zaɓa, ki ce kada ta kuskura ta faɗa.

Ban yi kuka a gaban mata ba, ina so a rubuta wannan. Na shiga ɗaki na ɗan jima ina neman wata takarda, sannan na fito.

Da na fito na tara mutanen gida, na bayyana a gabansu cewa na janye maganata ta farko, kuma daga ranar sana'ar Kulu tana da amincewata. Na kuma faɗa mata maganar malami na biyu da na ɓoye. Ta rusuna ta ce ta gode, ko da yake na lura tana cizon leɓe. Ta ce keken ma ba ta rabu da shi ba, rigar sallata tana nan tafe, sai dai bana dole in tsaya a auna ni kamar kowa, tunda mai awon ta tafi. Aka yi girki, aka yi ta shigowa kallo har la'asar. Direban da ya saba kai mini kaya ya leƙo ya cire hula.

Na koma aji na roƙi malam ya dawo mini da waccan takarda. Layi uku ya nema, na ba shi goma sha ɗaya.

Hoton yana ɗakina, a bangon da ba ya fuskantar mai salla, kamar yadda aka yi sharaɗi. Na sa an kafa shi ta yadda idonki yana kan ƙofa. Duk ranar kasuwa nakan gaishe ki, in saɓa jakata, in nufi waje kamar da. Amma yanzu idan na kai bakin ƙofa sai in juyo. Shekara hamsin ban san ana juyowa ba. Ina juyowa in same ki kina kallona, faifai a tsaye, kuma ba kya kawar da kai.

Innata, na gode da rigunan. Na gode da tuwon da ba a bari ya huce ba, da kwandon da aka aiko akuya ta tuna mini. Ban riƙe ki da komai ba a kan sunan, na san a cikinki kin kira shi sau da yawa.

Allah ya jiƙanki, ya yalwata kabarinki, ya sanyaya shi kamar inuwar zaurenmu da hantsi. Allah ya gafarta miki da Baba, ya yafe mana abin da muka yi bisa kuskure a wannan aiki da waninsa. Allah ya yi wa hannun Kulu albarka, ya tsare ta a hanyar da take bi tsakanin can da nan. Ya haɗa mu a Aljanna, inda nake fatan za a ba ni izinin zama a gabanki in ɗaga kai. Amin.

A ƙasa zan sa sunana. Ba sai kin faɗa ba, ki duba kawai, na san kin iya.

Ni ne ɗanki na fari, mai biyayya,
Wancan,
wato Arzika.